Daminar da Aka Auna Mu da Igiyar Guga

Bana ruwa ya yi mana mutunci. Geron bayan gidanmu ya yi tsawon da in raƙumi ya shiga ciki sai dai a ji kukansa. Makon jiya kuma aka tara gari a filin makaranta za a tsayar da ɗan takarar kansila, ƙato bayan ƙato, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so. Mai Unguwa na bi yana dafa kan mutane yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na maimaitawa. Na ɗaura tsohon ɗankwalin Inna don in tsufa, na kutsa layin mata har da ɗan tari irin na tsofaffi. Ya zo ya dafa kaina ya ce, "Zulai, fita. Sai baɗi." Na fita ina gunaguni. Ina tsaye a gefe, ga layi ga gero na kaɗawa a bayansa, sai wata damina ta faɗo mini a rai, wadda nake 'yar shekara goma sha biyu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana, in ka hau dutsenmu da safe kana hango hanyar Yasore. Ba zan faɗi sunansa ba, kada 'yan garinmu su ce na tona musu asiri. A kakar da ta gabaci waccan damina ne 'yan bindiga suka harbe Baba a gonarmu ta daji yana ɗaurin dawa. A kan amalanke aka kawo shi, an rufa masa buhu. Daga ranar babu wanda ya ƙara taka gonakin daji. Abin da ya rage mana, ni da Inna da ƙanena Isuhu, shi ne 'yar gonar da ke manne da dangar gidanmu. In ta yi, mun ci. In ba ta yi ba, babu wata.

Ruwan farko ya yi mana rowa. Muka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, zabi da kurciyoyi suka tone rabin irin suka yi mana godiya. Rana kuwa har ƙadangaru na ɗage ƙafa ɗaya suna hutar da ita. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, yara muna kuka, wasu don tsoron Allah, ni don ƙasa na gasa mini tafin ƙafa. Da ruwan ya tashi zuwa sai ya zo da fushi, ya kwashe rufin madafarmu ya kai wa maƙwabta kyauta. Muka sake shuka da irin da Inna ta sayar da akuyarta ta saya.

Rumbu ya riga ya zama gidan ɓeraye, su ma sun yi ƙaura don yunwa. Da asuba Inna ta dama kunun tsaki, irin wanda in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka har da kitso. Da hantsi in fita tsinkar tafasa da rama a bakin danga. Da rana a yi kwaɗo da ƙuli guda, a daka shi har ya zama labari. Da yamma, in an samu dusa, a tuƙa ta da kuka. Cikina ya koyi waƙoƙi iri-iri, har Isuhu ke cewa in kwanta nesa da shi, ina hana shi barci. Shi kuwa ƙafafunsa sun fara kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya daɗe bai cike ba. Wannan ban taɓa yi masa tsiya a kai ba.

Ba mai noma shi kaɗai a shekarar. Gayya ake yi, gari duka a gona ɗaya, in an gama a wuce ta gaba, don in gudu ya kama a yi shi tare. Mu yara aka ɗora a kan dutse da gwangwani da sanda, in mun hango ƙurar babura mu buga. Ranar farko na hango ƙura na buga iya ƙarfina. Liman, wanda ya shekara yana cewa gwiwa ta hana shi ruku'u, ya tsallake dangar da ta fi shi tsawo. Ashe jakin Mamman Mahauci ne ke birgima. Na sha tsumagiya, amma Liman bai ƙara sallah a zaune ba, har yau bai gode mini ba.

A haka muka yi noman farko, muka yi maimai, aka huɗe. Marka ta sauka, kwana da kwanaki ba a ganin rana, tufafi na warin ruma, kwaɗi na biki. Gero ya miƙe ya wuce kan mutum, ya yi ciki, ya fara fidda kai. Inna kan tsaya a bakin danga da sassafe tana kallonsa kamar mai jiran baƙo.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ina kan dutse na ga gero na motsi ta yamma, alhali babu iska. Babu ƙura, babu ƙarar babur. A ƙafa suka zo, sun ɓoye baburan can bakin rafi. Kafin in ɗaga sanda sun fito daga cikin kara, fuskoki a naɗe. 'Ya'yan Kawu Sale, ƙanen Inna, su biyu, Habu da Lawal, suna koro shanun huɗa zuwa gida. Habu ya riƙe igiyar sa ya ƙi saki. Suka harbe shi a ƙirji. Lawal ya juya zai gudu, ɗaya ya bi shi da adda. Ina bugun gwangwani, ina bugu, har sandar ta karye na ci gaba da hannu. Suka kora shanun suka koma cikin geron, ya rufe a bayansu kamar ruwa. Da aka ɗauko Lawal, Kawu ne ya tuɓe rigarsa ya naɗe masa wuya don kada uwarsa ta gani.

Bayan an yi sadakar bakwai sai ga Honorabul. Kansilanmu ke nan. Ba mu zaɓe shi ba. A rediyo muka ji cewa mun zaɓe shi, har aka ce mun fito ƙwanmu da ƙwarƙwatarmu, alhali ko akwati ba mu gani ba. A birni yake zaune, sai ranar muka san yana da gemu. Ya zo da a-kori-kura cike da samari, kowa da adda, ya ce duk wata doguwar shuka daga dangar gari zuwa gindin dutse a sare ta, don kada ɓarayi su ƙara samun mafaka. Ko gidan Mai Unguwa bai biya ba. Gonar da ta fi kusa da inda motar ta tsaya ita ce tamu.

Inna na bakin turmi Isuhu ya shigo yana jan ƙafa. "Inna, ana sare mana gero." Ba ta ajiye taɓaryar ba, da ita ta fita, babu ko mayafi. Na bi ta.

Sun riga sun kwantar da geron kunya biyu. Inna ba ta yi sallama ba. Na farkon da ta cimma ta sauke masa taɓarya a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas, adda ta faɗi. Ta yi kururuwa, matan unguwa suka fito da taɓare da muciyoyi, wata har da tukunyar ruwan zafi. Wani mai jar hula ya kai wa Inna sara, ta tare da hannu, fata ta buɗe daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Da na ga jinin ban san lokacin da na ɗafe masa cinya na kafa haƙora ba. Ya yi ta naushina a ka, na ƙi saki. Har gobe in na ci nama mai tauri sai na tuna shi. Aka fasa wa wani kai, jini ya rufe masa ido yana sara a iska. Maza suka iso da gorori da bindigogin toka, wani ya riga ya ɗana. Mai Unguwa ne ya faɗo tsakiya da rawani a warware, yana cewa duk mai son jini ya fara da nasa.

Aka lafa ana haki. Honorabul na bayan mota, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Mai Unguwa, "don tsaronku ne fa. Umarni ne daga sama."

Inna ta naɗe hannunta da gefen zane. "Wace sama? Mu saman da muka sani ruwa take ba mu. Wa ka tambaya a garin nan?"

"Hajiya, ni wakilinku ne."

"Ban je Makka ba, kuma ban aike ka ba."

Sai wata murya ta ce daga baya, "Ni na kira shi, Yaya."

Kawu Sale ne. Ya rame, idanu sun faɗa. Inna ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Kai, Sale? Geron marayun?"

"Cikin gero suka fito, Yaya. Saura mini ɗa guda. In ba a sare ba gobe ma ta nan za su fito."

"In an sare mi za ni ba Isuhu? Ka ga ƙafafunsa?"

"Mai yunwa yana kwana ya tashi. Habu fa?"

Inna ta ce, "Na ji. Amma kai kaɗai ba kai ne gari ba, ni ma ba ni ce gari ba, wancan mai hula a hannu balle. A tambayi kowa. Mai son a sare ya tsaya bayanka, mai son a bari ya tsaya bayana."

Ba a taɓa tambayarmu komai ba, don haka ba mu san yadda ake yi ba. Rigimar farko, wa zai ƙirga? Honorabul ya ce yaronsa ya yi boko. Aka yi masa ihu: wanda ya ƙirga ƙuri'un da ba a jefa ba? Aka ce Mai Unguwa, wasu suka ce gonarsa na bayan dutse, sara ba zai taɓa shi ba. Aka ce Liman, wasu suka ce surukin Kawu ne. Kowa aka ambata sai an samo masa dangi. Can wani tsoho ya ce, "A ɗauko igiyar guga a auna layin. Igiya ba ta da ɗan'uwa." Gari ya ɗauka da kabbara, kai ka ce an gano maganin mutuwa. Aka koma filin makaranta, aka ce kowane ɓangare maza layinsu, mata layinsu, kowa ya matse da na gabansa, a haɗa tsawon. Aka kore samarin birni gefe. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha a kan duk abin da igiya ta ce an yarda.

Har matan kulle suka fito da hijabai. Na saƙala kaina tsakanin Inna da wata tsohuwa, aka jawo ni da kunne aka ce ban isa ba. Wannan ne ya sa na ga abin daga gefe.

Bayan Inna duk masu gonar bakin danga ne, zawarawa da waɗanda aka raba da gonakin daji, mutanen tafasa da dusa. Da suka matse, sai layin ya shige cikin kansa kamar an ɗaure kara. Bayan Kawu akwai waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa da waɗanda tsoro ya hana barci, amma akwai kuma masu shago da masu gona a bayan dutse, waɗanda har lokacin hayaƙi ke tashi gidajensu sau uku. Mamman Mahauci shi kaɗai, daga cibiyarsa zuwa bayansa, ya ci wurin zawarawa huɗu. Talatu matar mai shayi tana da cikin wata tara, ta tsaya ta ƙara turo shi gaba. Ko makaho ya shafa ya san kawunanmu sun fi yawa. Aka ja igiya a nasu aka ƙulla, aka kawo kan namu. Ƙullin ya wuce mutum na ƙarshe da abin da bai kai kamu ɗaya ba.

Na yi tsalle na hau wani turmi da aka ajiye a bakin fili. "Wallahi zalunci ne! Tumbi aka auna ba mutane ba! A cire Mamman a sa shi a gicciye!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka gane gaskiya ce, fuskoki suka canza. Dutse ya tashi daga layinmu ya sami mai shago a baki, ya tofar da haƙori. Aka fara zare gorori. Inna ta finciko ni daga kan turmin da hannunta mai lafiya.

"Ku ajiye!" ta ce. "Mun shafa fatiha ko ba mu shafa ba?"

"Inna, ramammu ne mu, shi ya sa!"

"Da muka ce amin ba mu san mun rame ba? Rufe mini baki." Ta juya wurin Mai Unguwa. "Ranka ya daɗe, wannan ta wuce. Amma daga yau kawuna za a ƙirga, ba ciki ba."

Honorabul ya sa hularsa ya tafa hannu wa samarinsa. Inna ta tare su.

"Ba ku ba. Ba ku tsaya a layi ba, ba za ku taɓa mini kara ba. Waɗanda suka ci su za su sare, da hannunsu, ina tsaye ina kallo." Ta dubi Honorabul. "Kai kuma ranar da wa'adinka ya cika, a filin nan za ka tsaya, mu ga wa zai tsaya bayanka."

Ranar ta zo daga baya, kuma direbansa ne kawai ya tsaya, shi ma ina jin don a mota ɗaya za su koma. Amma wannan bai dawo mana da gero ba.

Aka miƙa wa masu nasara addunan. Mamman Mahauci, wanda ke yanka sa ba ya ƙiftawa, ya sari kara uku ya ce bayansa ya riƙe. Mai shago ya tafi neman haƙorinsa. Da yawa suka yi ta sara suna kallon ƙasa, suna zamewa ɗaya ɗaya. Kawu Sale ne bai tsaya ba. Ya shiga gonarmu yana sara kamar karan ne suka kashe masa 'ya'ya, yana sara yana kiran sunayensu. Ruwa ya sauko bai tsaya ba. Hannunsa ya fashe, ƙotar adda ta yi ja, ya koma ɗayan hannun. Inna na bakin danga, ruwa na dukanta, jini na bin zanenta, ba ta kau da ido ba ko sau ɗaya. Warin ɗanyen kara ya cika unguwa, mai zaƙi-zaƙi, irin wanda ke tayar da yunwa. Kafin magariba daga ƙofar gidanmu kana ganin gindin dutse tas.

Kawu ya zo ya tsaya gabanta, adda a hannunsa. "Yanzu ana hango su tun daga nesa, Yaya."

"Ana hango su," in ji Inna. "Mu ma suna hango mu."

Ta shige gida. Ni da Isuhu muka bi kunya-kunya muna tsintar kawunan geron, ko za a sami na gasawa. Duk wanda na murza sai ruwa fari kamar nono ya fito, babu ƙwaya. Da an ba shi mako uku da ya yi. Isuhu ya tsotsi ɗaya ya ce da daɗi, don kada in yi kuka.

Washegari da sassafe Inna ta tashe ni, ta janye matashin kan da nake kwana a kai, ta farke shi da wuƙa. Wake ya zubo cikin ƙwarya. Irin wake ne, ta ɗinke shi a ciki tun rani. Wato duk yunwar nan da na sha, a kan abinci nake kwana, ina mafarkin abinci. Na buɗe baki zan yi magana ta ce in na taɓa ƙwaya ɗaya sai ta karya ni. Wake ba ya tsawo, ba wanda zai ce ya ɓoye ɓarawo.

Muka fita. Gonar na kwance, karan jiya sun fara yaushi, ƙasa ta jiƙe sharkaf. A can ƙarshen kunya akwai mutum tsaye da sungumi, hannayensa biyu naɗe da tsumma. Kawu ne. Ban san wa ya gaya masa ba, wataƙila ya san 'yar'uwarsa ne kawai. Ya ce, "Ina kwana, Yaya." Inna ta kau da kai. Sai ya juya ya ɗaga sungumi ya sari ƙasa, ya yi gaba ya sake sara.

Inna ta tsaya har ya yi nisa. Na ɗauka komawa gida za mu yi. Sai ta gyara ƙwaryar a kan hannun da aka sara, ta bi bayansa. Yana saran rami, tana jefa wake, ina biye ina rufewa da dunduniya.